Wanda Ya Shinshina Hannuna

Ranar Asabar ɗin nan da safe karan dafi nake dakawa. Mu majema ne kaka da kakanni, majemarmu tana bakin kududdufi, daga ciki kaɗan da Ƙofar Rini. Ga wanda bai san karan dafi ba, wani karan dawa ne mai jan ɓawo. Shi ake dakawa, a jiƙa da ruwan kanwa, a tura fatar akuya da shi ta yi ja wur. In ya kama hannu sai ya kwana bakwai bai fita ba, ko da me ka wanke. Sunana Haliru. A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, da matata Hajo, da tsohuwarmu Inna mai ciwon gwiwa, da wana Sambo, wanda shi ke riƙe da majemar tun rasuwar mahaifinmu.

Kowa na son jar fatar Sakkwato, amma ba mai son warin wanda ya jeme ta. A masallaci akan bar mana fili dama da hagu sai ka ce wasu manya. In ka miƙa wa mutum hannu, da yatsu biyu zai taɓa, ya ɗan kau da hanci. Mun saba har mukan yi abin dariya. Na faɗi wannan ne don ku riƙe shi, zai yi amfani a gaba.

Garin ya kwana biyu ba daɗi. Labari ya riga ya zo cewa Kano ta faɗi, yanzu kuma an ce Nasara sun sauka kudu da gari. Kasuwa ba ta ci ba. Tun hantsi maza ke wucewa ta gefen majemarmu zuwa Ƙofar Atiku, wasu da baka da kwari, wasu da mashi, wasu gora ce kawai a hannunsu. Ba mai waƙa, ba mai kirari. Inna ta dogara sanda ta je Hubbare ziyarar kaburburan magabata, ta dawo bayan azahar. Sai ta hau ƙulle gero a tsumma.

Na ce wa Sambo mu ajiye aikin. Fata goma sha ɗaya muke da su, sun sha bagaruwa sun yi laushi, turi kawai suke jira. Sambo mutum ne mai irin taurin kan nan da ba ya ɗaga murya. Bai ko dube ni ba ya ce, "Tun bara suna zakkuwa, ba su iso ba. Su ishe mu bakin aikinmu. Jiƙa karan dahin." Na jiƙa da la'asar. Wanda ya san aikin ya san abin da na yi ke nan. Ruwan turi in ya kwana ɗaya ya nuna, in ya kwana biyu ya mutu. Da hannuna na ɗaure mu da safiyar Lahadi.

Mun yi asuba a masallacin unguwa, sahu biyu bai cika ba. Gari na wayewa muka tsoma fatun a kwatarniya. Muna murzawa, muna juyawa, hannu cikin jan ruwa har gwiwar hannu. Zafin bazara ya fara tun rana ba ta ɗago ba. Babu kukan jaki, babu dakan mata. Ina jin ƙarar ruwan da muke motsawa.

Kowace majema tana da ungulayenta. Namu sun kai ashirin, a kan katanga suke wuni suna jiran tsokar da muke kankarewa. Ko dutse ka jefa ba sa nisa. Da hantsi, ba wanda ya kore su, suka tashi gaba ɗaya suka yi kudu. Na tsaya ina kallonsu. Sambo ma ya gani, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da murza.

Ba a jima ba igwa ta tashi. Ruwan kwatarniya ya girgiza. Ta sake tashi, ta sake. Sai wata ƙara ta biyo baya wadda ban taɓa ji ba, ta-ta-ta-ta, ba ta numfasawa. Daga baya muka san sunanta bindiga mai ruwa. Na ji kabbarar mutane daga nesa, mai yawa, ta taso ta cika sama. Ƙarar nan ta sake bi ta kanta. Kabbarar ta ragu. Kafin walaha komai ya yi tsit, kuma tsit ɗin ya fi ƙarar ban tsoro.

Doki ne ya fara wucewa, da sirdi ba mahayi, linzami na jan ƙasa. Bayansa wani mutum ya zo da gudu, rabin rigarsa ba ta nan. "An ci mu! Ku hita! Ku hita!" Bai tsaya ba. Nan take lungunan da suka yi shiru suka cika da mutane.

Muka ruga gida. Hajo ta riga ta ɗaure kaya. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki da ƙullin geronta a cinya, ta dubi hannayenmu, fuskarta ta canza. Ta ce mu wanke. Muka sa toka, muka sa ƙasa, muka dirza har fata ta yi zafi, jan sai ƙara duhu yake. Sai ta yage tsohon zanenta ta naɗe mini hannu biyu, wai kada a gani. Uwa ce, abin da ta ga zai tsare ɗanta ta yi. Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa a rana irin wannan wanda ya ji rauni a fagen fama ne ke naɗe hannu.

Sambo bai tsaya an naɗe masa ba. Ya ce, "Goya Inna ku yi gaba. In na bar hwatun ga cikin ruwa sun ƙone. Ina ishe ku ƙohwa." Inna ta kama bakin rigarsa, ya ɓamɓare yatsunta a hankali ya fita. Haushinsa ya kama ni a lokacin, har yau kuma bai gama sakina ba.

Ƙofar Rini ta cushe. Jakuna, akuyoyi, tsofaffi a bayan 'ya'yansu, malamai da littattafai a ka, mata da goyo. Ƙofar ba ta cin mutum fiye da huɗu a jere. Wata tukunya ta fashe, aka tattake. Ba mai kuka da ƙarfi, numfashi kawai kake ji da takun ƙafa. Inna tana bayana ba ta da nauyi, amma hannayena a naɗe suke, sai zamewa take ina gyarawa. Rana ta take tsaka kafin mu fita.

A waje Sambo ya cim mana. Ya naɗe fatun goma sha ɗaya ɗanyu, ya ɗora a ka, kartajinsa a hannu, wato wuƙar da muke kankare fata da ita. Ruwan turi yana ɗiga daga ƙunshin, ya bi goshinsa, ya bi gemunsa, ya jiƙe gaban rigarsa har ƙasa. Mata suka riƙa darewa suna salati. Shi kuwa murmushi ya yi mini, ya ce ko ɗaya ba ta ƙone ba.

Muka bi hanyar fadama, muka nufi gulbi. Dangin Hajo suna wani ƙauye a ƙetare, can muka yi niyya. Da azahar mun kai wurin wasu goruba uku. Nan muka ji busar ƙahon soja a dama da mu, kusa ƙwarai. Sun zagayo ta bayan ganuwa.

Su kamar goma sha biyu ne, da jajayen huluna, baƙaƙe irinmu. Babu Bature a cikinsu. "Tsaya! Maza gefe! Mata gefe!" Hausa suke yi, ba irin tamu ba, amma Hausa ce. Na sauke Inna a gindin goruba. Suka jera mu, mu takwas, suna duba kafaɗa da hannu, suna neman wanda ya ja baka ko ya riƙe mashi da safe. Babbansu gajere ne mai tabo a kumatu. Idonsa ya faɗa kan Sambo.

"Ajiye wuƙa!"

Sambo ya ɗaga hannun da kartajin yake, don ya nuna musu ko mene ne. Ya buɗe baki zai yi bayani. Ƙara ɗaya ce. Ya zauna da farko, ƙunshin na kansa, sannan ya kwanta ta gefe. Fatun suka warware a kan yashi. Wanda ya harbe shi Bahaushe ne. Ko a garinsu akwai majema. Da ya so ya sani, da ya sani.

Inna ba ta yi kuka ba, wani sauti ta yi a maƙogwaro. Mai tabon ya juyo kaina. "Kwance hannu!" Wani ya fizge tsumman. Hannayena suka bayyana jajur har gwiwa. Na ji bakina yana cewa, "Ba jini ba na! Karan dahi na! Majemi nike!" Ba wanda ya saurara. Na ga ramin bakin bindiga, na ga yatsan mutumin. Na fara kalmar shahada.

Sai wani ya yi tsawa daga bayansu da harshen da ban taɓa ji ba. Dogon mutum ne siriri, yana janye da alfadari mai akwatuna biyu, da ganin alama yanzu ya iso. Kayan soja ne a jikinsa, da bindiga a rataye, amma maimakon jar hula rawani ne a kansa mai launin ƙasa. Shi ba Bature ba, shi ba baƙi ba, fatarsa kamar ta Larabawan da ke zuwa fatauci. Ya saki igiyar alfadarin, ya ratsa tsakaninsu, ya kama hannuna na dama.

Ya kai shi hancinsa ya shinshina. Ba sama-sama ba, ya ja numfashi sosai, ya juya tafin ya sake shinshinawa. Tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa kai hancinsa hannuna da gangan. Ya sake ni, ya duƙa ya ɗauki fata ɗaya daga cikin na Sambo. Ya ɗora ta a gwiwa, ya ja ta ta wuya, ya danna babban yatsa ta ciki yana duba laushi. Haka mahaifinmu ke yi. Ba mai taɓa fata haka sai wanda ya tashi a majema.

Ya ɗaga fatar yana nuna musu, yana magana da ƙarfi. Mai tabon ya ce, "Kauce!" Bai kauce ba. Ya shiga gabana, ya kama bakin bindigar da hannu ya ɗora a ƙirjinsa. Na ga gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Tsoro yake ji, amma bai matsa ba. Mai tabon ya fizge bindigar ya buga masa gindinta a goshi. Gira ta fashe, jini ya zubo.

Bai rama ba. Ya shafi jinin da tafinsa, ya kamo hannuna, ya jera su biyu a gaban idon mai tabon. Nasa yana sheƙi, yana danƙo, ƙuda ya riga ya sauka a kai. Nawa busasshe ne, ya shiga cikin fata, har ƙarƙashin farce. Wani daga cikin sojan ya tofar da yawu ya kau da kai. Ƙaho ya sake busawa daga wajen gari. Mai tabon ya zagi uwar mutumin, ya zagi tamu, ya ce, "Mu tafi!" Suka tafi.

Shi bai bi su ba. Ya tsaya kan Sambo, ya taɓa wuyansa, ya girgiza kai, ya rufe masa fuska da fatar da ke hannunsa. Na ce sai na binne ɗan'uwana. Ya nuna mini bayanmu da yatsa. Ƙura ce ta taso, wasu sojan na tafe a kan dawaki. Ya kwance akwatunan nan biyu ya yar a ƙasa, ya ɗauki Inna cak ya ɗora a kan alfadarin. Ta waiwaya tana kiran sunan Sambo har gorubar ta ɓace mana. Ni ban waiwaya ba, kuma wannan yana cikin abin da nake kwana da shi.

Da la'asar muka kai mashigi. Ruwan bazara ne, iya cinya. Mutane sun fi ɗari a ciki, yawanci mata da tsofaffi. Mun kai tsakiya ke nan masu dawakin suka iso gaɓa, suka sauka suka durƙusa. Harsashi ya fara tsalle a kan ruwa. Wata mata a gabana ta saki ƙwaryarta ta nutse. Mutane suka rikice, wasu na komawa baya, wasu na danne wasu.

Mutumin ya danƙa wa Hajo igiyar alfadarin. Ya juya, ya koma ta inda harsashin ke fitowa. Ya hau wani tudun yashi a tsakiyar gulbi, inda kowa zai gan shi. Ya warware rawaninsa, ya ɗaga shi sama da hannu biyu yana kaɗawa, yana ihu da harshensa. Harsashi biyu suka tada yashi kusa da ƙafarsa. Bai duƙa ba. Suka ga kakin da ke jikinsa. Harbin ya ragu, sannan ya tsaya. Ya ci gaba da tsayuwa a wurin, hannu a sama, har na ƙarshenmu ya taka gaɓar ƙetare.

Sannan ya biyo mu, ina jin don ya karɓi alfadarinsa. Ruwa na iya gwiwarsa lokacin da wata kibiya ta fito daga cikin gamba, ta ɓangarenmu. Wani maharbi ne daga cikin namu da suka tsira da safe, ya laɓe yana tsaron mashigin. Kaki ya gani. Ban taɓa sanin ko wane ne ba, ban kuma nema ba. Ta shige shi a ƙasan haƙarƙari. Ya tako har gaɓa da ƙafarsa, ya zauna.

Ni da Hajo muka ja shi ƙarƙashin wata tsamiya. Kibiyar tana da guba, na gane daga yadda gumi ya karyo masa. Hajo ta ɗebo ruwa a tafi ta ba shi. Ya nuna ƙirjinsa ya faɗi wata kalma sau biyu, watakila sunansa ne, watakila sunan garinsu. Kunnena bai riƙe ba. Leɓunansa suka yi ta motsi. Inna ta ce shahada ce. Ni ban ji ba, ba zan yi shaidar abin da ban ji ba. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Wani dattijo cikin masu gudu ya ce a bar wa Nasara gawarsu. Inna, wadda ɗanta ke kwance a fili tun azahar, ta ce, "Ku yi mai sutura." Da sakaina da hannu na tona ramin, a yashi mai laushi. Muka naɗe shi da rawaninsa, ya ishe shi har ya yi saura. Mu huɗu muka yi masa salla, har da dattijon. Alfadarin muka kora ya koma ƙetare, don kada a same mu da shi. Na goya Inna muka ci gaba da magariba.

Kwana goma sha biyu muka yi a ƙauyen su Hajo, kafin a aiko cewa kowa ya koma gidansa. Na bi ta wurin gorubar. Babu Sambo, babu fatun, babu kartajin. Na tambayi manoman wurin, wani ya ce an tara gawawwaki an rufe a rami ɗaya, wani ya ce ba a rufe ba. Na dubi hannuna a wurin, jan ya riga ya fita tas. Da damina ta sauka gulbi ya cika, ya cinye gaɓar tsamiyar har da kabarin.

Shekaru muna kiransa Balaraben Nasara. Sai wani alhaji da ya daɗe a Makka ya ji labarin a bakina, ya tambayi yadda naɗin rawanin yake, da yadda harshen ke fita. Ya ce ba Balarabe ba ne, mutumin ƙasar Hindu ne, ya ga irinsu da yawa a can, kuma Turawa kan taho da su cikin sojansu. Daga ranar muke ce masa Ba'indiye. Iyakar abin da muka sani game da shi ke nan. Turawan da suka mutu a ƙasar nan an kafa musu duwatsu da sunayensu. Shi ban ji wanda ya zo cigiyarsa ba.

A unguwa akwai masu cewa me ya kai ni yi wa sojan Nasara addu'a, ai da su aka ci garin. Gaskiya ne, da su aka ci. Ba na musu da su. A majemarmu dai, duk wanda ya gama turi, kafin ya wanke hannu sai ya kai shi hanci ya ce, "Allah shi jiƙan baƙo." 'Ya'yana suna yi, matansu suna yi musu dariya. Wasu majeman ma sun ɗauka, ba su san mafarin abin ba, sun zaci tsohuwar al'adar sana'a ce. Na bar su a haka.

Mu huɗu muka fita Ƙofar Rini, mu uku muka dawo. Fata goma sha ɗaya muka tura, ko ɗaya ban sake gani ba. Inna ta yi shekara biyu ta bi ɗanta. Na sha komawa wurin gorubar ina auna tazarar, daga inda alfadarin ya tsaya zuwa inda Sambo ya zauna. Taku goma sha huɗu ne. A kwatarniya ɗaya muka tsoma hannu da safen nan, warinmu ɗaya. Nasa ba wanda ya shinshina.